Idan Fim Ɗaya Ya Rage Maka A Duniya, Wanne Za Ka Kalla?

Tun farko in faɗa muku, rubutun nan yana da tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa, ko yake da gwaji gobe da safe, ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Wata tambaya ce ke yawo a tsakaninmu 'yan digiri na biyu a nan Jami'ar Modibbo Adama, yau kusan sati biyu ke nan: a ce an gaya maka fim ɗaya tak ya rage maka ka kalla a duniya, daga shi babu wani, wanne za ka zaɓa? Duk wanda ya san zafin Yola na watan Afrilu ya san inda irin wannan hira take samo asali. Ɗaki ba ya shiguwa kafin ƙarfe ɗaya na dare, babu wuta, laftof ta mutu da babi na uku a cikinta, sai a shimfiɗa tabarma a waje a yi ta zuba har iskar Binuwai ta tuna da mu. Daga kan tabarma tambayar ta shiga guruf ɗin ajinmu, ta bi mu cikin keke daga bakin get har Jimeta, har mai shayinmu na Sangere sai da ya ba da tasa amsar.

Na san abin da wasunku za su fara cewa, don an riga an faɗa mana shi. Akwai wani ɗan ajinmu da muke kira Ustaz, shi ya fara tare hanya: "Haba jama'a, mutum ya san tafiya ta zo, sai ya zauna kallon fim? Ai alwala zai yi ya fuskanci alƙibla." Gaskiya ya faɗa, babu wanda ya ja da shi. Abokanmu Kirista da ke wurin ma suka ce su ma addu'a ce a gaba. Allah ya sa mu cika da imani.

To amma ku sake karanta tambayar. Ba a ce darenka na ƙarshe ba, fim ɗinka na ƙarshe aka ce. Mutum yana iya kallon nasa na ƙarshe yau, ya ƙara shekara 40 a duniya. Ido yana tafiya. Sha'awa tana fita. Wani iyali da neman na cefane su ɗauke masa hankali, wani kuma ya wayi gari kawai ya ji kallo ya fita daga ransa. Ku tambayi iyayenmu da suka yi zamanin zuwa sinima, da wuya ka samu wanda zai iya ce maka ga fim ɗin da ya rufe da shi. Kowa yana da fim na ƙarshe, ko ya zaɓa ko bai zaɓa ba. Da aka yi wa Ustaz wannan bayanin sai ya yi shiru, can ya ce, "To in haka ne, a ba ni Ar-Risala." Muka ce ka ji wayon malamai, zai kalli fim kuma yana sa ran lada.

Na tattara amsoshin da na ji, na ga kusan kashi huɗu suka rabu.

Kashi na farko su Ustaz ne. Ar-Risala na Moustapha Akkad, wanda ya fito a 1976, shi ya fi samun ƙuri'a a wajensu, sai na Umar Mukhtar, dattijon nan na Libiya da ya yaƙi Italiyawa, shi ma aikin Akkad ne. Hujjarsu ita ce, in dai abin ƙarshe ne da ido zai gani a allo, gara ya zama wanda ba za ka ji kunyar a tambaye ka a kansa ba.

Kashi na biyu 'yan wayo. Wani ɗan Gombe ya ce shi Daɗin Kowa na Arewa24 ya zaɓa, tun daga kashi na ɗaya, tunda ba a ce dole fim ɗin ya kasance mai ƙarewa ba. Wani ya ce Labarina, zango bayan zango, in Aminu Saira bai gaji ba shi ma ba zai gaji ba. Kotun tabarma ta yi watsi da ƙarar su duka biyun. Fim aka ce, wanda ake farawa a gama a zama ɗaya.

Kashi na uku 'yan Indiya, kuma wallahi sun fi yadda kuke zato yawa, har da masu gemu. Sholay ya fito, Kuch Kuch Hota Hai ya fito, 3 Idiots ya samu ƙuri'ar duk wanda sufabaiza ya taɓa dawo masa da babi ja-wur da jan biro. Wata 'yar ajinmu daga Michika ta ce Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, duk tsawonsa na sama da awa uku, kuma ba na fassarar Algaita ba, na asali, wanda ba ta jin ko kalma goma a ciki.

Kashi na huɗu masu tuna baya. Sangaya, Wasila, da duk wani kaset da Ali Nuhu yake yaro siriri a ciki. Mai shayinmu yana cikin wannan sahun. Ya ce shi a ba shi Ibro kawai, kowanne ne, bai damu da suna ba.

Ga abin da na lura da shi, wanda shi ya sa na zauna rubutun nan. A cikin duk waɗanda suka amsa, babu ko mutum ɗaya da ya ce ya zaɓi fim ɗinsa don shi ya fi kowanne kyau. Mu da muke kwana muna musu a kan wane darakta ya fi iya aiki, wane fim ne hotonsa ya fi fita, da aka zo maganar na ƙarshe duk wannan ilimin ajiye shi muka yi. Kuma in ka ɗan ƙyale mutum ya ci gaba da magana, sai ka ji sunan fim ya jawo wani mutum a bayansa. 'Yar Michika ashe da yayarta suka riƙa kallonsa, kafin a yi wa yayar aure a kai ta Jalingo. Mai Sangaya ashe a ɗakin kakarsa ya gan shi, ita ce mai bidiyo a duk layinsu, yara su cika ɗakin har bakin ƙofa tana korarsu suna dawowa. Mai shayi ya ce da ƙaninsa suke biyan kuɗin gidan kallo a garinsu, mutum ɗaya ya biya, ɗayan ya leƙa ta ramin zana, gobe a yi musanya. Ustaz kansa, da aka matsa masa, ya ce mahaifinsa ne yake kunna musu Ar-Risala duk azumi, yana tsayar da kaset yana yi musu bayani.

Abin ba mamaki, in muka tuna yadda muka koyi kallo. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, fim ɗin Hausa a tsakar gida ya girma. Kaset ɗaya sai ya zaga gida biyar kafin a mayar wa mai haya. Ana kallo ana musu, ana zagin mugu, uwa tana cewa yara su rufe ido, wani yana ba da labarin abin da zai faru ana ce masa ya yi shiru. Mu ne kusan sahun farko da muka koma kallo mu kaɗai, waya a tafin hannu, abin ji a kunne, kowa a kan gadonsa, mutum huɗu a ɗaki ɗaya suna kallon abu huɗu. Na kalli finafinai da yawa a haka cikin shekarun nan, wasu ma masu kyau ƙwarai, amma ko ɗaya bai zo mini a rai ba da aka yi tambayar.

Sannan tsohon fim yana da wani nauyi da sabo ba shi da shi. Kunna kowane fim na farkon shekarun 2000 a gaban manya ka ji, rabin hirar "Allah ya jiƙan wane" ce. Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu 2007. Hauwa Ali Dodo ita ma a hatsarin mota, ranar 1 ga Janairu 2010. Rabilu Musa Ibro a Disamba 2014. Saratu Giɗaɗo, Daso, a Afrilu 2024, cikin azumi. Kana kallonsu suna dariya suna tsalle, kai ka san abin da su ba su sani ba a lokacin. Su ma kowannensu ya yi fim ɗinsa na ƙarshe, ya cire kayan wasa ya tafi gida yana shirin na gaba.

Mu 'yan jihar nan kuwa, musamman mu na arewacinta, tambayar ba ta tsaya a wasa ba. Ni ɗan Mubi ne. Ranar 1 ga Yuni 2014 bam ya tashi a unguwar Kabang, a wurin da 'yan kallon ƙwallo suka taru, mutane da dama suka rasu. Kafin a fara gasar cin kofin duniya ta Brazil a wannan watan, gwamnati ta sa aka rufe gidajen kallo a jihar. Ranar 17 ga watan aka kai hari wani gidan kallo a Damaturu, ana wasan Brazil da Meziko. Mun san mutanen da suka fita kallo da silifas, da niyyar dawowa su ci tuwon dare. Shi ya sa da hirar ta zo kaina ban iya amsawa da raha ba, na ce su ba ni lokaci. Ga amsar yanzu.

Ni Shaihu Umar zan zaɓa. Kuma ban taɓa kallonsa ba.

Na san da yawanku littafin kuka sani, wanda Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana malamin makaranta, ya shiga gasar rubutun Hausa ta 1933, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne an mayar da shi fim a 1976, da Hausa, shekara 14 kafin Turmin Danya. Kuma wanda ya ba da umarnin fim ɗin, Adamu Halilu, ɗan jihar nan ne. A Garkiɗa aka haife shi a 1936, nan ƙaramar hukumar Gombi. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu Umar. An nuna fim ɗin a bikin FESTAC na 1977 a Legas, daga baya ya ɓace daga idon jama'a har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano asalin faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, wata cibiya mai suna Arsenal a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Tsawonsa minti 142.

Ku duba wannan lissafin. Wanda ya rubuta labarin an kashe shi a Janairu 1966, shekara 10 kafin a yi fim ɗin, bai gan shi ba. Wanda ya yi fim ɗin ya rasu a 2001, bai ga an farfaɗo da shi ba. Jamusawa sun zauna a sinima sun kalle shi suna karanta fassara a ƙasan allo. Ni da nake jin harshen, nake wucewa ta Gombi duk lokacin da zan je gida, hotuna kawai na gani a intanet. Na tambayi duk wanda ke kan tabarmarmu, har da 'yan Gombi biyu, babu wanda ya taɓa ganinsa. Ɗaya ma bai taɓa jin sunan Adamu Halilu ba.

Amma ba kishin jiha ne ya sa na zaɓe shi ba, duk da akwai shi. Bari in tuna wa waɗanda suka manta labarin. Almajirai ne suka tambayi malaminsu asalinsa, shi ne ya ba su tarihinsa. Mahaifinsa ya rasu, mijin uwarsa Makau aka yi masa sharri aka kore shi daga gari, shi kuma aka sace shi yana ƙaramin yaro. Ya bi hannu-hannu har ya faɗa wajen wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙetaren hamada, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Duk tsawon wannan lokaci uwarsa tana nemansa. Ta bar gida ta bi sawunsa, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa, ita ma aka ƙetara da ita hamada. A ƙarshe sun haɗu, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

Na karanta littafin ina aji biyar na sakandare, don jarrabawa. A lokacin abin da ya dame ni shi ne in haddace sunayen garuruwa da na mutane. Bayan 'yan watanni sai labarin ya biyo mu har gida.

Ranar Laraba 29 ga Oktoba 2014 mutanen da ba sai na ambaci sunansu ba suka shiga Mubi. Ina da shekara 17. Ina kasuwa a shagon Kawu, wayata tana caji a wani shagon. Da harbi ya matso babu wanda ya tsaya neman wani, inda ka ga jama'a sun nufa nan kake bi. Ayarin da na faɗa ciki ya yi gabas, muka bi daji da duwatsu har muka tsinci kanmu a cikin Kamaru. Mahaifiyata, Dada, tana gida da ƙannena uku. Mahaifinmu ya riga ya rasu shekara biyu kafin nan. Ita ta bi wani ayarin, da goyo a baya da biyu a hannu, a ƙafa har kusa da Hong, daga nan suka samu babbar mota zuwa Jimeta, suka sauka gidan yayanta a Doubeli. Ta ƙirga 'ya'ya, uku. Babu na fari.

A nan sai na yi wa waɗanda ba su tashi a irin gidajenmu ba bayani, ko da yake na san yawancinku kun sani. Ni ɗan fari ne. A wajen Dada, kamar yadda ta gada, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Hausawa su ce kunya ko kara, mu a gida mu ce semteende. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wannan" nake, ko "yayanku" in da ƙannena take magana. In na yi rashin lafiya Goggo ce ke zama a kaina, Dada tana daga bakin ƙofa tana tambayar Goggo ko an ci abinci a ɗakin nan.

Abin da ya faru a kwanaki 12 da na yi ban iso ba, daga bakin Goggo na ji shi, bayan shekaru. Kullum da asuba Dada za ta bar yara ta fita. Ta tsallaka gada zuwa sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Damare, wanda aka mayar na 'yan gudun hijira, nan kusa da makarantar da nake zaune yanzu. Daga can ta dawo cocin Saint Theresa a Jimeta, inda aka sauke ɗaruruwan mutane, ta shiga da hijabinta tana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ta tafi tashar Jambutu ta tsaya inda motoci ke sauke mutane, har duhu ya yi.

Ranar farko a Damare, in ji Goggo, mai rajista ya ɗaga biro ya ce, "Mama, mene ne sunan yaron?" Dada ta juya ta kalli Goggo, don ita ta saba amsa irin wannan tambayar a madadinta. Goggo kuwa kuka ya riƙe mata murya. Mutumin ya sake tambaya, ga layi a bayansu. Sai Dada ta faɗa. Sunan da ta shekara 17 tana kewaye shi, ta faɗe shi a gaban baƙo, da sunan mahaifina a haɗe. Daga ranar kuma ba ta sake jiran kowa ba. Ta faɗe shi a coci, ta faɗe shi a tasha, ta riƙa tare yaran mota da direbobi tana faɗa musu, tana kwatanta tsayina da tabon da ke goshina. Goggo ta ce wata rana a Jambutu ta hango wani yaro daga baya mai irin tafiyata, ta ɗaga murya ta kira sunan, duk tasha aka juyo.

Ni ban ji ko ɗaya ba. Ranar da na iso Doubeli da la'asar, a bayan wata motar kaya, ƙafafuna a kumbure, ba ta gida, tana tasha. Ana kiran magariba ta shigo. Ta gan ni a kan tabarma mutane sun kewaye ni. Ta tsaya kamar mai tuna wani abu, sannan ta wuce ta gefena ta shiga madafa. Daga ciki na ji ta ce wa ƙanwata, "Ki kai wa wannan ruwan zafi ya gasa ƙafa." Shi ke nan. Yau fiye da shekara 10, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa ba. Sunana ya koma inda yake ajiye.

To ina fim ya shigo? Ai a gidanmu fim ne kaɗai wurin da ni da Dada muke zama kusa da juna na tsawon awa guda. Ba za ta zauna hira da ni ba, ni ma ba zan iya haɗa ido da ita ba. Amma in an kunna talabijin bayan isha'i, kowa allo yake kallo, babu wanda ya kalli wani, sai baki ya buɗe. Za ka ji ta ce, "Wannan yaron bai kyauta ba, wata uku bai leƙa gida ba," ita da ɗan wasa take, amma duk ɗakin an san inda saƙon ya nufa. In ta ce, "Wannan dai yana da haƙuri, Allah ya yi masa albarka," a kan wani ɗan fari a cikin fim, ranar da farin ciki nake kwana. In kuwa aka zo wurin da ɗa ya dawo gida bayan an fid da rai, tashi take yi ta ce bari ta duba ko an rufe kaji. Na tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne. Da yawanmu abin da iyayenmu ba za su iya faɗa mana ba, ta bakin 'yan fim muka ji shi.

Dada ba ta yi boko ba. Littafin Shaihu Umar a rufe yake gare ta, kuma ni ba zan iya zama in karanta mata shi ba, muryata ba za ta kai ƙarshe ba, ita ma ba za ta zauna ba. Fim ne kaɗai hanyar da labarin zai isa gare ta ba tare da ya bi ta bakina ba. Ina so ta ga cewa irin tafiyar da ta yi, wani ya taɓa ganin ta isa a rubuta, kuma wanda ya rubuta ɗin shi ya zama Firayim Ministan ƙasar nan. Ina so ta ga wani ɗan Garkiɗa ya ga ta isa a ɗauka a fim. Matan da suka yi irin wannan neman a Yola da Maiduguri a shekarun nan ba su ƙirguwa, wasu sun samu, wasu har yau suna tsayawa a tasha. Babu wanda ya rubuta kwanaki 12 na Dada. Kuma ina so in ji abin da za ta ce a kan uwar Umar, don na san a nan ne kaɗai zan ji labarin kwanakin daga bakinta.

Abokin ɗakina ya kawo hujja biyu da na gaya masa. Ta farko, ya ce wa yake zaɓen abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba a matsayin cin ƙarshe? In ka tarar fim ɗin yana tafiyar hawainiya fa, irin na da, mutum ya yi minti biyar yana ɗaure raƙumi? Na ce ya yi ta ɗaurewa. A wannan zaman, duk mintin da aka ƙara riba ce gare ni.

Ta biyu ta fi nauyi. Ya ce ka san yadda labarin ya ƙare, za ka zaunar da mahaifiyarka ta kalli uwa ta mutu bayan ta ga ɗanta? Wannan na kwana ina juya shi. Abin da na gani shi ne, Dada ta fi ni sanin cewa labarin yana iya ƙarewa a haka, ko ma ya fi haka muni. Ta ga waɗanda nasu ya ƙare a haka, tare suka riƙa tsayawa a layi. Ba ita ce za a ɓoye wa ƙarshen labari ba. In akwai wanda ƙarshen zai girgiza, ni ne. Umar ya zama shaihu, almajirai suna zaune a gabansa, amma duk shekarun da yake tara ilimin nan uwarsa tana kan hanya. Mu ma da muke nan muna neman digiri na biyu, kowannenmu ya san wadda ta sayar da akuya ko ta ɗauki adashi aka biya kuɗin rajista. Muna cewa bari mu gama, bari mu samu aiki, sannan mu huta da su. Labarin Shaihu Umar yana tuna mini cewa ba kullum lokaci yake jiran a gama ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma da gaske nake. Shekarar 2026 ce ta cikar fim ɗin nan shekara 50. 'Yan uwa da ke karanta Hausa ko aikin jarida, a nan ko a Kano ko Zariya ko Maiduguri, da duk wanda ya san wani a Hukumar Finafinai ta Najeriya a Jos, ku taimaka mana da hanyar da ake bi a nemi izinin nuna shi. Muna da ɗakunan taro a makarantun garin nan. Muna da Lamido Sinima, wadda mu 'yan yanzu mun fi jin sunanta a labaran taron siyasa. In ƙungiyoyin ɗalibai za su iya haɗa kuɗin daren al'adu da na liyafar bankwana, za su iya haɗa na majigi da janareta na dare ɗaya. A gayyato mutanen Garkiɗa su zo su ga aikin ɗansu. Ni na ɗauki nauyin zirga-zirgar takardu in an samu wanda zai nuna mana ƙofa.

In Allah ya sa abin ya yiwu, zan je Mubi da kaina in taho da Dada da Goggo. Ba zan gaya mata labarin me za a nuna ba. Zan samar musu kujera, in zauna a layin bayansu, inda zan iya jin abin da take faɗa wa Goggo. Kuma a zauren taro babu kajin da za ta ce za ta je ta duba.

Ku ma ina jiran naku. Amma kada ku ba ni sunan fim kawai, ku haɗa da wanda kuke so ya zauna kusa da ku. In yana raye, hutun nan da ke tafe ku nemi fim ɗin ku kunna masa. In ya riga mu, Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu baki ɗaya.